Masara da rama za su iya tsotse gubar da ke ƙasar tsohon garejin batir?

Abban_Humaira: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar masu sani nake nema. Akwai wani fili a bayan layinmu nan Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana, bai kai rabin eka ba. Shekara da shekaru masu fasa batirin mota ne a ciki, da yaran da ke ƙona waya su ciri jan ƙarfe. Yanzu sun tashi, mai filin ya ce mu mora kafin ya samu kuɗin gini. Matasan layin sun ce lambu za su yi, alayyafo da ayoyo da latas. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, wani gefen ko ciyawa ba ta fitowa. Wani yaronmu da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce akwai dabara: a fara shuka masara ko rama, su tsotse dalma da sauran ƙarafa masu guba, a tumɓuke su a zubar, sai ƙasa ta dawo lafiya lau. Gaskiya ne? In gaskiya ne, damina nawa za a yi kafin a shuka abin ci?

Fita_Magazin: Wa alaikumus salam Alhaji. Zancen tsotsa ban san shi ba, amma abin da ake zubarwa a irin wannan wuri na san shi, a Magazin, unguwar makanikai, na tashi. Batir in ya mutu da guduma ake fasa shi, a zaro farantan dalma a kai wa masu awo. Ruwan batir ɗin a ƙasa ake tuttular da shi. Garin nan mai ruwan toka da ke manne a jikin farantan shi ma ƙasa yake bi. Ga baƙin mai, ga tokar waya. Ka sa a tona da shebur ka gani, za ka yi ta cin karo da fasassun robobi da gutsattsarin faranti. Ni ko kyauta aka ba ni latas ɗin wurin ba zan kai wa iyalina ba.

Tsohon_Lambu: Yaran yanzu kun cika tsoro. Tun ina saurayi nake lambu a wajen Gyinyase, da ruwan rafi muke ban ruwa, mutanen garin nan suna ci, muna ci. Ƙasa tana cinye komai. A zuba mata kashin kaji da yawa, a bari ruwan damina ɗaya ya dake ta, shi ke nan.

Ɗalibar_Kwadaso: Baba Tsohon_Lambu, Allah ya ƙara girma. Abin da ke ruɓewa shi ƙasa ke cinyewa: ganye, kashin dabba, har baƙin mai ma ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna rage shi a hankali. Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Yadda aka zubar da ita haka za ta zauna, sai dai ta tashi daga wani wuri ta koma wani.

Kawu Abban_Humaira, maganar yaron nan tana da tushe, ana koyar da ita, ana kuma gwada ta a ƙasashe da dama. Saiwa tana shan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa tare da abin da ya narke a cikinsa. Tsiro yana buƙatar zinki da ƙarfe da fosfet, yana da ƙofofin da yake shigar da su. Kadmiyom da asanik su ma guba ne kamar dalma: kadmiyom sai ya bi ta ƙofar zinki da ƙarfe, asanik ya bi ta ƙofar fosfet, tsiron bai iya bambance su sosai. Shi ya sa waɗannan biyun suke hawa har cikin ganye. Matsalar filinku ita ce dalma ce ta fi yawa a wurin masu batir, ita kuma dalma manne wa ƙasa take yi. Kaɗan ce ke narkewa, wadda ta shiga tsiron ma yawancinta a saiwa take tsayawa. Don haka tsotsar tana faruwa, amma ba da saurin da aka faɗa maka ba.

Abban_Humaira: 'Yata na gode. To ba da sauri ba ɗin, kamar shekara nawa? Uku? Biyar? Mu nan damina biyu muke da ita a shekara, ana iya girbi sau biyu.

Injiniya_B: Alhaji bari in yi maka lissafi, amma misali ne na ɗauka, ba awon filinka ba ne. A ce filin murabba'in mita 1,000 ne. Ƙasar sama, zurfin santimita 20 inda saiwa ta fi aiki, nauyinta zai kai tan 260. A ce kowane kilo na ƙasar yana ɗauke da giram 1 na dalma, kuma a wurin fasa batir ana iya samun fiye da haka. Ka ga dalma kilo 260 ke nan kwance a filin.

Yanzu masara. A ce ta yi kyau ƙwarai, busasshen kara da ganye ya kai tan 1. A ce kowane kilo ya ɗauki miligiram 100 na dalma, na ma yi mata alheri. Jimla giram 100 a girbi ɗaya. Ka raba kilo 260 da giram 100, girbi 2,600 ke nan. Ko sau biyu kake girbi a shekara, shekara 1,300 ce. Ko ka ce shukar ta ninka wannan ƙoƙari sau goma, har yanzu ka haura shekara 100. Kwashe rijiya da cokali ke nan. Kuma ban sa wurin da ka ce ciyawa ba ta fitowa a lissafin ba, can masarar ma ba za ta tsaya ba.

YaronNima: Injiniya ban yarda gaba ɗaya ba. Na ga bidiyo a YouTube, bayan hatsarin tashar nukiliyar Chernobyl na 1986 furen sunfulawa aka shuka ya janye gubar. In ya iya da gubar nukiliya, ta batir ce za ta gagare shi?

Ɗalibar_Kwadaso: YaronNima, an yi wannan gwajin, amma a kan ruwa aka yi shi. An ɗora shukar a kan abin da ke yawo a saman wani kududdufi, saiwar tana lilo cikin ruwan, tana ɗaukar abin da ya riga ya narke. Ruwa daban, ƙasa daban. Bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima na 2011 mutanen Japan sun shuka sunfulawa da yawa a gonaki da wannan fatan, da aka auna aka ga abin da ta cire daga ƙasa kaɗan ne ƙwarai, don ƙasar ta riƙe gubar gam. Mu ma a nan, kainuwa tana ɗaukar ƙarafa daga ruwan kududdufi fiye da yadda masara za ta ɗauka daga busasshiyar ƙasa.

Amma kada lissafin Injiniya ya sa a ce dabarar banza ce. Ga kadmiyom tana aiki, domin shi 'yan miligiram kaɗan ne a kilo ke ɓata gona, kuma yana hawa tsiro da sauƙi. A Japan ɗin dai, a yankin Toyama, ruwan kogin Jinzu ya kwaso kadmiyom daga wurin haƙar ma'adinai ya kai gonakin shinkafa, mutane suka yi ta ci har ƙodarsu ta lalace ƙasusuwansu suka yi laushi, yawanci mata manya. Gwamnatinsu ta amince da musabbabin cutar a 1968. Daga baya masu bincike a ƙasar sun gwada wasu nau'in shinkafa masu kwaɗayin kadmiyom, suka shuka su don tsotsa kawai, aka ga raguwa mai kyau cikin 'yan shekaru. Shinkafar nan ba a ci, kwashe ta ake yi a ƙona a wuri na musamman.

Maman_Sadiq: Ku tsaya, ni wani abu ne ya tsaya min a rai tun da na karanta tambayar Alhaji. Rama fa aka ce. Rama! Wa zai shuka rama a tsakiyar Aboabo ya ce kada a taɓa? Kafin ta kai gwiwa matan layi sun tsinke ta sun yi kwaɗo. Ni mai sayar da ganye ce a kasuwar Asawase, na san yadda ake neman ta, musamman da azumi. Masarar ma, ranar da ta yi goyo yara za su karye ta su kai wa mai gashi a bakin titi. Ku masu karatu kuna cewa a tumɓuke a zubar, kamar filin yana cikin jami'a da maigadi a ƙofa.

Ɗalibar_Kwadaso: Mama wallahi kin taɓo inda littattafan ba su taɓo ba. A rubuce-rubucen da muke karantawa ana yabon rama ne saboda tana girma da sauri, tana da jiki da yawa, kuma a wurinsu shukar igiya da takarda ce, ba ta ci ba. A wurinmu kuwa miya ce. Alayyafo ma yana cikin masu ɗaukar kadmiyom sosai, wato abin da ya sa ya dace da tsotsa shi ne ya sa yake da haɗari a tukunya.

Mai_Raguna: Ku ƙara da dabbobi. Awakin unguwar nan ba su san shinge ba. Sannan in Layya ta matso, yaran da ke yankan ciyawa suna kawo mana a buhu ba sa tambayar ta ina ta fito, duk inda suka ga kore nan suke sa lauje, bakin gota ne ko bayan bola. Karan masara da ganyenta kuwa ai abin nema ne a wurinmu. Ku faɗa min, in rago ya ci, gubar tana shiga naman?

Anti_Nas: Tana shiga, Mai_Raguna, amma a hanta da ƙoda ta fi taruwa, musamman kadmiyom. Dalma kuma tana zama a ƙashi. Dabbar da ta ɗan ci sau ɗaya ba kamar wadda aka yi wata da watanni ana turke ta da wannan ciyawar ba ce.

Sai dai ni abin da ya fi damuna ba ganyen ba ne tukuna. Alhaji, yara suna wasa a filin nan yanzu? Domin babbar hanyar da dalma ke shiga jikin yaro ita ce ƙura. Ya yi rarrafe, ya dafa ƙasa, ya sa hannu a baki. Ya buga ƙwallo ya dawo ya ci abinci bai wanke hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke ɗauka daga abin da ya haɗiye. In yaron yana da ƙarancin jini ko ba ya cin abinci sosai, ɗaukar ta fi yawa. Kuma yawanci ba ciwon da za ka gani ba ne. Yaro ne zai riƙa baya a karatu, ba ya riƙe hadda, ga saurin fushi, a yi ta dukansa ana cewa ba ya ji. Mai ciki ma dalmar da ke jikinta tana ratsawa zuwa ga ɗan. Ranar da matasan nan za su sa fartanya su kafta busasshiyar ƙasar, ƙurar da za su tayar gidajenku za ta shiga.

Abban_Humaira: Innalillahi. Anti, tun da masu batir suka tashi filin ya zama filin ƙwallon yara. Da yamma ba ka ganin komai sai ƙura.

ƊanGusau_a_Kumasi: Alhaji don Allah a hana su tun yau. Ni daga Zamfara nake, abin da ya faru a 2010 ba labari aka ba mu ba. Dutsen zinariya mai haɗe da dalma aka riƙa kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zo da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma suka ce ba amfanin a ba yaro magani ya koma ya zauna cikin ƙurar da ta sa masa ciwon, sai an gyara garin tukuna. Gyaran kuma ba wanda ya shuka masara. Kankare ƙasar sama aka yi gida-gida, aka kwashe aka binne a ramukan da aka tanada, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Bagega sai 2013 aka samu aka yi nata. Ban ce filinku ya kai wancan ba, Allah ya kiyaye, amma inda dalma ta yi yawa kwashewa ko rufewa ake yi.

Tsohon_Lambu: Allah ya jiƙan yaran. Wannan kam na ji. Amma fa ku sani ni wurin da nake nomawa ba a taɓa fasa batir ba, kada a haɗa mu a ce duk ganyen Kumasi guba ne. Masu lambu talakawa ne, magana ɗaya za ta kashe musu kasuwa.

Ɗalibar_Kwadaso: Gaskiyarka Baba, ba a haɗa ba. Kuma kashin kajin da ka ambata yana da amfaninsa. Taki yana kama dalma ya rage wadda ke narkewa. Farar ƙasa ta noma ma haka, tana kashe tsamin ƙasa, kuma ruwan batir da Fita ya ce ana tuttularwa tsami ne zalla, shi ke sa ƙarafan su saki jiki su shiga ruwa. Takin fosfet da tokar ƙashi da garin gawayi duk suna ɗaure dalma. Sai dai ɗaurewa ce, tana nan a wurin, yaron da ya haɗiyi ƙurar bai tsira ba.

Hajiya_Akwatia_Line: Ni tambaya ce da ni a gefe. An ce kwalli ma dalma ne. Mu da aka sa mana tun muna jarirai, muka sa wa 'ya'yanmu, ga mu nan da idonmu garau.

Anti_Nas: Hajiya, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne. Babba da ya sa a ido abin da ke shiga jikinsa kaɗan ne. Jariri kuwa yana murza ido ya tsotsi yatsa. Ni dai ina roƙon iyaye mata su bar sa wa jarirai, in sun girma sa yi kwalliyarsu.

Fita_Magazin: In an shiga wannan babin har tukwanen da ake zubawa da narkakken gwangwani da tarkacen inji sai an duba, don na ga abin da ake jefawa cikin wutar. Amma mu koma kan filin Alhaji.

Malam_Na_Asawase: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko. Ta fuskar addini abin a fili yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wanda ya san ganyensa daga gurɓatacciyar ƙasa ya fito, ya kai kasuwa ya yi shiru, ya ɓoye aibin kaya. Kuma Maman_Sadiq ta faɗi abin dubawa: in ka shuka abin da ka san mutane za su tsinka su ci alhali ka shuka shi ne don ya tara guba, ba za ka ce ba ruwanka ba don ka kafa allo. Yaro bai iya karatu ba, akuya ma haka. Alhaji, ku kai maganar masallacin layinku, a sanar bayan sallar Magariba, iyaye su ji da kunnensu.

Ɗan_Obuasi: Ku kuna maganar fili ɗaya, mu nan yanki guda ne. Dutsen zinariyar Obuasi da asanik yake haɗe tun daga cikin ƙasa, ga kuma zaibar da 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba izini, ke kama zinariya da ita. Ku dubi ruwan kogin Offin da na Pra yadda ya koma. In an tashi daga rami, mutane suna komawa su shuka rogo da gwaza a gefen wurin, ganyen gwazar, wato kontomire, kuma kullum yana cikin miya. Irin wannan ƙasa mai faɗi ba mai kuɗin da zai kankare ta kamar yadda ƊanGusau ya faɗa. To in ba shuka ba, me za a yi? Ni ina ganin a nan dabarar take da muhalli.

Ɗalibar_Kwadaso: Na yarda da kai Ɗan_Obuasi. Inda wuri ke da faɗi, gubar ba ta yi tsanani ba, kuma ba a gaggawa, shuka ta fi komai araha. Ga asanik ma akwai gwani. A 2001 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka bayyana wani tsiro mai suna Pteris vittata, yana tara asanik a ganyensa ninkin abin da ke cikin ƙasar sau da yawa, kuma ba ya mutuwa. Ba abin ci ba ne, ana yanke ganyen ya sake tohowa. Irin waɗannan tsirrai masu haɗama akwai su ga nikel da zinki da kadmiyom, har a wasu ƙasashe ana noma su a ƙona a ciri nikel daga tokar a sayar. Dalma da zaiba ne dai har yanzu ba a samu mai yi musu haka yadda ake so ba.

YaronNima: To na ji an ce akwai sinadarin da ake zubawa ya narkar da dalmar, shukar ta sha da yawa.

Injiniya_B: Akwai, EDTA ake ce masa, an gwada shi da shukar mustad ta Indiya kuma ɗaukar ta ƙaru sosai. Amma abin da ya narke ba duka saiwa ke kamawa ba. Ragowar ruwan sama zai tafi da shi ƙasa. Aboabo gidaje nawa ne ke da rijiya a tsakar gida? Ka cire guba daga inda take kwance ka kai ta ruwan sha. Kada wanda ya gwada wannan a cikin unguwa.

YaronNima: Na gane. Mu ma nan Accra haka muke kallon Agbogbloshie, inda aka daɗe ana fasa tarkacen kayan lantarki ana ƙona waya. Tun 2013 aka sa wurin cikin jerin wurare goma mafi gurɓata a duniya, a watan Yuli na 2021 aka rushe kasuwar tarkacen aka tashi mutane. Tashin mutane daban, ƙasar da suka bari a bakin kogin Odaw daban. Masu ƙona wayar kuma da yawa sun watsu ne zuwa wasu unguwanni, wato ƙananan filaye irin na Alhaji za su ƙaru.

Mai_Raguna: Har yanzu ba wanda ya taɓo wannan: in an tumɓuke shukar, ina za a kai ta? Bola? Can ma awaki suke kiwo.

Ɗalibar_Kwadaso: Tambayar da ta fi kowace wuya ke nan. Ba a ba dabba, ba a yin taki da ita, ba a hura wutar girki da karan. Ƙonawa a fili ma kuskure ne, zaiba da asanik suna bin hayaƙi, dalma da kadmiyom su taru a tokar, iska ta kwashe. Kamata ya yi a busar, a ɗaure a buhu, a kai inda aka tanada don shara mai haɗari. Tun 2016 aka yi dokar irin wannan shara da ta kayan lantarki a Ghana, kuma EPA, hukumar kare muhalli, ce ke da alhakin abin. A je ofishinsu na Kumasi a tambaya kafin a shuka, ba bayan an tara tulin kara a bayan gida ba.

Kawu, in ni ce, ga abin da zan fara yi. A auna ƙasar. Cibiyar binciken ƙasa ta CSIR tana nan Kwadaso, KNUST ma suna da ɗakunan gwaji. A ɗebi ƙasar sama daga wurare da dama da cokalin roba, a zuba a leda mai tsabta, a rubuta inda aka ɗebo kowace. Ta wurin da ciyawa ba ta fitowa a ware ta daban, kada a gauraya da sauran. Kuma a faɗa musu a fili dalma da kadmiyom da asanik da tsamin ƙasa ake so a duba, in ba haka ba awon taki kawai za su yi muku. In an kai ga shuka ganye wata rana, shi ma a auna: ma'aunin abinci na duniya, Codex, na ganyen ci shi ne kada dalma ta wuce miligiram 0.3 a kilo, kadmiyom kuma 0.2.

Tsohon_Lambu: In dai rufe ƙasa ake so kada ƙura ta tashi, ku nemi jema. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe gaɓar rafi ma balle fili. Ba mai yin miya da ita.

Ɗalibar_Kwadaso: Baba wannan shawara ce mai kyau, ana amfani da danginta a wuraren haƙar ma'adinai saboda haka. Abin da ta ɗauka yawanci a saiwa yake zama. Zurma da bini-da-zugu ma suna jure irin wannan ƙasa, amma 'ya'yansu guba ne ga yara, ban ba da shawararsu a cikin unguwa ba.

Mai_Raguna: Jema in tana ɗanya sabuwar toho dabba tana ci. Sai ta tsufa suke ƙinta. Shinge dai ba makawa.

Maman_Sadiq: Su kuma matasan da suka sa rai da lambu fa? Kada a kashe musu gwiwa, zaman banza ya fi komai lalata yaran layin nan. Ni na ga mata a Tafo suna shuka a buhu, tumatir da kuɓewa da gauta, suna samu.

Injiniya_B: Mama wannan mai yiwuwa ne. A kwashe wurin da ya fi baƙi in EPA ta nuna inda za a kai, a jiƙa ƙasa kafin a taɓa ta don ƙura, a shimfiɗa jar ƙasa mai kauri ko tsakuwa a kan sauran. Sannan a jera buhuna ko akwatunan katako da ƙasar da aka kawo daga wuri mai tsabta, saiwa kada ta taɓa ta asali. Masu 'ya'ya irin su tumatir da kuɓewa sun fi ganye da masu saiwa aminci. Ruwan ban ruwa kuma na famfo ko na sama, ba na gotar Aboabo ba.

Fita_Magazin: Tsofaffin tayoyi fa? Muna da su tuli, zan iya kawowa a cika da ƙasa.

Injiniya_B: A bar tayoyin, su ma suna sakin zinki da wasu abubuwan in sun daɗe a rana da ruwa. Buhu ya fi.

Abban_Humaira: Jama'a Allah ya saka da alheri. Na yi magana da liman, za a sanar yau a hana yara shiga. Awon ƙasa za mu yi karo-karo mu kai. Abin da ban sani ba shi ne ko mai filin zai yarda a kashe kuɗin jar ƙasa a wurin da zai haƙa harsashi nan gaba, kuma matasan sun ce buhu ba zai ba su abin sayarwa ba, sai na ci a gida. Yaron KNUST ɗin kuma har yanzu yana so a ba shi kusurwa ɗaya ya gwada shukarsa.

Ɗalibar_Kwadaso: A ba shi Kawu, in zai kewaye da waya mai ƙarfi ya kuma auna ƙasar kafin da bayan girbi. Sakamakon zai amfani wasu unguwannin. Amma ba rama ba, ba masara ba.

Mai_Raguna: Ni dai ban ga wayar da za ta hana yaran ciyawa ana saura sati biyu Layya ba.

Ɗan_Obuasi: In ya gwada, don Allah a sa sakamakon a nan, ina da masu gona a wajenmu da za su so su gani.

Anti_Nas: Alhaji, in kuna kai ƙasar ku haɗa da ruwan rijiyoyin gidajen da ke jikin filin, kwalba ɗaya daga kowace. Yaran da suka fi wasa a wurin kuma, musamman 'yan ƙasa da shekara shida, a kai su asibiti a tambaya ko ana gwajin dalma a jini, in ba a yi a nan su faɗa muku inda ake yi.